Igiya, palonye, bariyatar ko na'ura mai fanka: wanne zai hana kayan gru lilo da juyi a shantiyenka?

Kwanan baya wani Alhaji da muke aikin foraj da shato tare ya turo mini wani bidiyo a WhatsApp, wata na'ura ce mai fankoki gefe da gefe rataye ƙasan ƙugiyar gru, wato injin ɗaga kaya, tana riƙe da wani dogon ƙarfe a sama ko motsi ba ya yi, mutum ɗaya can nesa da rimot a hannu yana juya shi yadda yake so. Da yamma ya same ni a unguwar Ali Ɗan Sofo ya ce, "Malam, don Allah gaya mini gaskiya, in nemo irin wannan ko in ci gaba da igiyoyina? Yaran nan kullum gabana faɗuwa yake in suna ƙarƙashin tanki." Na ce, "Alhaji, kafin mu yi maganar kuɗi, kayanka lilo suke maka ko juyi?" Ya yi shiru. To nan ne maganar take, kuma na ga ya kamata in rubuta ta a tsanake saboda ba shi kaɗai ba ne, aikin ɗaga kaya ya yawaita a Maradi, kwantena, tiransfo, gurup, tankunan ruwa, poto, ga kuma aikin layin dogo na Kano zuwa Maradi mai kilomita 284 da aka ƙaddamar a 2021, duk wanda ke da mota mai gru zai ga aiki.

Da farko abin da za a auna da shi

Lilo daban, juyi daban. Lilo shi ne kaya su riƙa kai-komo kamar shillon yara. Juyi shi ne su tsaya wuri ɗaya suna zagaya kansu. Yawancin asarar kuɗi da nake gani, mutum ya sayi maganin ɗaya alhali ɗayan ke damunsa.

Lilo yana da lissafinsa kuma ba ruwansa da nauyin kaya, tsawon waya kaɗai ya sani. In daga kan hannun gru zuwa tsakiyar kaya mita 4 ne, zuwa da dawowa daƙiƙa 4. In mita 10 ne, daƙiƙa 6 da ɗan kai. In mita 25 ne, daƙiƙa 10. Buhun siminti ɗaya da gurup mai tan 3 duk tafiyarsu ɗaya. Amma ƙarfin da za ka sa ka tsayar da su ba ɗaya ba ne, kuma wannan nake so kowa ya riƙe: kaya masu tan 2 a wayar mita 10, in sun kauce daga tsakiya da mita 1 kacal, ƙarfin da ke jan su gefe ya kai kamar kilo 200. Rabin mita, kilo 100. Wane ƙato ne zai riƙe kilo 200 da igiya a tsaye kan rairayi? Babu. Shi ya sa in ka ga yaro yana kokawa da kayan da ke lilo, ba jarunta ba ce, jan shi za a yi.

Juyi kuwa ƙarfi kaɗan ke hana shi in an kama shi da wuri kuma an kama daga ƙarshen kaya. Nan igiya take da amfani sosai.

Sai iska, wadda ita ce uwar matsalar a nan wajenmu. Hausawa sun ce iska na wahalar da mai kayan kara, to a aikin gru ba karin magana ba ne, zahiri ne. Ƙarfin iska in gudunta ya ninka biyu, shi sau huɗu yake ninkawa. Gefen kwantena ƙarama, ta ƙafa 20, faɗinsa ya kusa murabba'in mita 16. Iska mai gudun mita 10 a daƙiƙa, wato kilomita 36 a awa, tana tura ta da wajen kilo 100. In ta kai mita 20 a daƙiƙa, wajen kilo 400. Kuma kwantenar in babu kaya ciki tan 2 da ɗan kai ce kawai, mai faɗi ce mara nauyi, irin su ne suka fi rawa a sama: tankin roba, fanno na sola da aka haɗa, kwanon rufi, allon talla. Mu da ke nan mun san yadda hadarin watan Mayu da Yuni ke tasowa daga gabas, gari tsit babu ko ganyen da ke motsi, minti kaɗan sai ka ga jar ƙura ta rufe komai. Ga kuma iskar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu wadda ba ta da ƙarfin ta hadari amma wuni take tana kaɗawa.

To abubuwan da nake duba kowace dabara da su: me take magancewa, lilo ko juyi? Tana nisanta mutum daga kaya ko kuwa sai an tsaya kusa? Kuɗinta, na saye da na kullum. Za ta jure rana da ƙura da ɗaukewar kuran irin namu? Wa zai gyara ta in ta lalace, a Maradi, ko Kano, ko sai an jira jirgi? Sai kuma haɗarin da ita kanta take kawowa, don babu wadda ba ta da nata.

Igiyar jan kaya da sanda

Ita ce ta kowa, kuma ita aka fi wulaƙantawa. Sai ka ga an saka miliyoyi a mota da tanki amma igiyar da za a riƙe kayan da ita tsohuwar igiyar guga ce da rana ta cinye.

Ni na ga abin da idona, kuma laifin har da nawa. Wani ƙauye ne kan hanyar Dakoro, muna ɗora tanki kan ƙafafunsa na ƙarfe, bayan la'asar, ƙarshen bazara. Na hango gabas ta fara yin duhu, direban gru ma ya ce mini, "Maigida, mu bari sai da safe." Na ce saura kaɗan, a ƙarasa, don kuɗin hayar mota na kwana ɗaya nake lissafi. Tanki ya kai kusan sama sai iskar farko ta buso, ya juya. Yaron da ke riƙe da igiyar gefe ashe ya naɗa ta a hannu sau biyu don kada ta kuɓuce masa. Igiyar ta miƙe lokaci ɗaya, ta ɗaga shi daga ƙasa ta ja shi kan rairayi, muna ihu ya saki, ina zai saki abin da ya naɗe? Allah ya tsare rai bai salwanta ba, amma yatsunsa biyu har yau ba sa lanƙwasuwa. Ranar da na kai shi gida mahaifinsa bai ce mini komai ba sai "Allah ya ƙaddara, ɗana," kuma wallahi wannan maganar ta fi zagi yi mini nauyi. Tun ranar ba a sake naɗa igiya a hannu a shantiyen da nake ba.

Igiya tana hana juyi, tana juya kaya su daidaita da inda za a sauke. Lilon kaya masu nauyi ba aikinta ba ne, na direba ne. Kuɗinta shi ne mafi ƙanƙanta, a kasuwa kake samunta, amma ba kowace ba. Ta roba mai sheƙi irin wadda ake ɗaure kayan amalanke, rana tana cinye ta, za ka ga ta fara gari-gari a hannu, wannan ta mutu. Ta nailan tana miƙewa sosai, in ta tsinke dawowa take kamar bulala, kuma in ta jiƙe ƙarfinta na raguwa. Ta poliyesta ta fi jure rana kuma ba ta cika miƙewa ba, ita nake nema. Kauri daga milimita 12 zuwa 16, don siririya yanka hannu take ko da safar hannu.

Tsawo ma magana ce. In ka tsaya kusa da ƙarƙashin kaya, ƙasa kake jan su ba gefe ba, ƙarfinka na tafiya banza kuma kana wurin da in wani abu ya tsinke kanka zai sauka. In nisanka daga ƙarƙashin kayan ya yi daidai da nisansu daga ƙasa, kashi 70 cikin 100 na ƙarfinka ne ke aiki. Ka ƙara nisa, ka ƙara samun iko. Don haka gara ta yi tsawo da ta gaza. Babu ƙulli a jelarta, babu zarge, don kada ta saƙale a ƙarfe ko a ƙafar mutum. Dogon kaya igiya biyu, ɗaya kowane ƙarshe. Kuma mutum ɗaya kaɗai ke ba direba alama, ba kowa ya ɗaga hannu yana "sama sama, ƙasa ƙasa" ba.

Lokacin sauka, mita ɗaya na ƙarshe, nan yatsu ke tafiya, don kowa so yake ya kai hannu ya daidaita. A nan sanda take shigowa: doguwar sanda mai ƙugiya ko mai baki kamar gwafa, ka tura ko ka jawo da ita, hannunka bai taɓa kaya ba. Akwai ta kamfani ta faiba wadda ba ta ɗaukar wuta, kuma mai walda zai iya yi maka bakin ka sa a busasshen icce mai ƙwari.

Babban haɗarinta bayan naɗi shi ne kuran. Igiya in ta jiƙe ko ta sha gumi da ƙasa tana ɗaukar wuta, kuma wanda ke ƙasa riƙe da ita shi wutar ke bi, ba direban da ke zaune cikin mota ba. Ƙa'idar da ake bi a Faransa ita ce mita 3 tsakaninka da layin da bai kai kilobolt 50 ba, mita 5 ga wanda ya wuce haka. Layukan cikin gari suna cikin na farko, irin babban layin kilobolt 132 da ke shigowa daga Katsina ta Gazawa yana cikin na biyu. Kuma ka lissafa har da inda lilo zai iya kai kayan, ba inda suke tsaye kaɗai ba. In wurin ya matse, a je NIGELEC a nemi su yanke na ɗan lokaci, ya fi.

Palonye, wato sandar raba nauyi

Wannan ƙarfe ne da ake ratayawa a ƙugiya, sannan kaya su rataya a jikinsa ta wurare biyu ko huɗu. Mutane da yawa suna zaton yana hana juyi. Ba ya hanawa, tunda har yanzu a ƙugiya ɗaya yake rataye. Abin da yake yi shi ne ya hana kaya karkacewa da lanƙwasa, ya sa majanyun ɗauka su tsaya miƙe, kuma ya ba ka wuri mai faɗi da za ka ɗaura igiyoyinka su yi tasiri.

Maganar miƙewar majanyi ba ƙarama ba ce. Kaya tan 2 a majanyi biyu: in kowane ya tashi tsaye sosai, digiri 60 daga kwance, kowane yana ɗauke da kilo 1,155. In sun buɗe zuwa 45, kilo 1,414. In sun kwanta zuwa 30, kowane ɗaya yana ɗauke da tan 2 cur, nauyin kayan gaba ɗaya. Ka ga dogon kaya da gajeren majanyi, shi ke nan an haɗa tsinkewa. Palonye ke raba wannan rigimar.

Kuɗinsa matsakaici ne kuma sau ɗaya ne, ba batir ba gyara, shekara da shekaru in ana shafa masa fenti ana duba waldarsa. Rana da ƙura ba ruwansa. Matsalarsa biyu: yana cin tsawo, in hannun grunka gajere ne sai ka ga tanki ya kasa kai saman shato saboda shi, kuma nauyinsa ana cire shi daga abin da gru zai iya ɗauka. Sai babbar: na ƙirar gida. Masu waldarmu suna da hannu, ban raina su ba, amma palonye ba ƙofa ba ce. Sai injiniya ya lissafa kaurin ƙarfe da wurin kunnuwa, a gwada shi da nauyin da ya wuce wanda zai riƙa ɗauka, a Amurka kashi 125 cikin 100 suke yi, sannan a rubuta nauyinsa a jiki da fenti kowa ya gani. Wanda ba a yi masa haka ba gara babu shi, don yana sa mutane su saki jiki.

Hannun direba, da bariyatar mai kashe lilo

Kafin na'ura, akwai dabarar tsofaffin direbobi: bin kaya. In kaya sun tafi dama, kada ka ja hagu, ka bi su, ka kai kan hannun gru daidai saman su lokacin da suka kai ƙarshen tafiyarsu, sai lilon ya mutu nan take. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijo yana sauke tiransfo tsakanin katanga biyu, motsi biyu kawai ya yi, kayan suka tsaya kamar an dafa su. Na ce, "Baba, yaya kake yi?" Ya ce, "Ɗana, ba na faɗa da su, rakiya nake yi musu."

Bariyatar akwati ce mai sarrafa gudun injin da ke aiki da kuran, kuma abin da mai kashe lilo ke yi ke nan, amma da lissafi. Maimakon ta ba injin gru ƙarfi lokaci ɗaya, sai ta raba shi biyu, na biyun ya zo bayan rabin lokacin lilo, a wayar mita 10 kamar daƙiƙa 3, sai na biyu ya kashe lilon da na farko ya tayar. Masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun yi aiki a kan wannan tun ƙarshen shekarun 1980, yanzu kuma kamfanoni irin su Konecranes, Siemens, ABB da Schneider duk suna sa shi a kayansu, Liebherr ma yana da nasa a manyan injunan tashar jiragen ruwa.

Amma a kula, wannan na gru mai aiki da kuran ne, irin mai tafiya kan dogo a saman sito ko masana'anta, ko dogon gru na ginin bene. Motar grunka ta haidirolik da aka sayo ta hannu daga Kwatano ba za ka ɗaura mata wannan ba. Kuma lilon da motsin injin ya jawo shi take kashewa. Yawancinsu ba su da ido, lissafi kawai suke da tsawon waya, don haka in iska ce ta tura kaya, ko an ɗaga su a karkace tun daga ƙasa, ba su san an yi ba. Masu kyamara ko na'urar jin motsi sun sani, amma kuɗinsu ya ɗara. Juyi kuwa ba ta taɓa shi ko kaɗan.

Kuɗi mai ɗan yawa ne, sai an shigo da ita, sai kuma mai saiti da ya san aikin. Zafi na damunta, yawancinsu daga digiri 40 ko 50 ƙarfinsu ke fara raguwa, mu kuma Afrilu da Mayu mun san abin da muke gani, balle ƙarƙashin kwano. Sai an sa ta a akwati rufaffe mai iska, ana share matatar ƙura. Kuran mai hawa da sauka ma yana kashe ta in babu kariya. Amfaninta babba a wurin da ake ɗagawa sau ɗari a wuni: sabon direba ya yi aiki kusa da na tsohon hannu, kaya su daina dukan ginshiƙai.

Na'urar da ake ratayawa ƙasan ƙugiya

Ita ce ta bidiyon Alhaji. Iri biyu ce. Akwai mai fanka, wadda kamfanin Vita Inclinata na jihar Kolorado a Amurka ya yi suna da ita: na'urori a cikinta suna jin motsin kaya, fankokin su hura iska ta ɓangaren da zai mayar da su. Akwai kuma mai nauyin ƙarfe da ke juyawa a ciki, irin na Verton da Roborigger, dukansu daga Ostareliya, ita ba ta hura iska, ƙarfin juyawar ƙarfen take amfani da shi ta juya kayan ko ta riƙe su.

Gaskiya abin burgewa ne kuma abin da take yi shi ne ainihin abin da muke nema: babu kowa ƙarƙashin kaya, babu igiya a hannun kowa. A inda igiya ba ta kaiwa, kamar saman dogon bene ko ɗora fukafukan injin iska, babu kamarta. Amma a gru juyi ne babban aikinta. Kada ka zaci fanka za ta tsayar da lilon tan 5, ka tuna lissafin kilo 200 ɗin nan.

Kuɗinta ya fi na sauran nesa ba kusa ba, da kuɗin waje ake biya, ga jirgi ga duwan. A ƙasashen da ake amfani da ita ma da yawa haya suke yi na tsawon aiki. Tana da nauyin kanta da za a cire daga ƙarfin gru, tana cin tsawo kamar palonye, batir sai an caja kullum kuma zafi maƙiyin batir ne. Mai fanka in ta sauko kusa da ƙasa a rairayinmu ƙura za ta tayar ta kuma shaƙa. In ta tsaya, babu mai buɗe ta a Maradi, sai a jira kamfani. Haɗarinta na ɓoye shi ne ta sa maigida ya ce ai muna da na'ura, a ɗaga ko da iska. Ita kayan take riƙewa, hannun gru da ƙafafunsa ba ta riƙe su. Injin ɗaga kayan da ya faɗi a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba 2015, ana dab da aikin Hajji, ya kashe mutum fiye da 100, iska da ruwa ne suka kayar da shi. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ɗan tsokaci kan jirgi mai saukar ungulu

Ba aikinmu na kullum ba ne, amma a nan aka fi ganin bambancin. Jirgin shi kansa iska yake hurowa ƙasa, ita ke juya kaya. Da yawa sun ga bidiyon nan na 2019 daga Finiks ta jihar Arizona, wata tsohuwa mai shekara 74 da aka ɗauko daga dutse a gadon ɗaukar majinyaci, igiyar hana juyi ta tsinke, gadon ya riƙa juyawa kamar fanka. Irin wannan ne na'ura mai fanka ta fi dacewa da shi, don mutum da gadonsa ba su da nauyi, fanka za ta iya da lilon da juyin duka. Ga manyan kaya kuma doguwar waya suke sawa don kayan su yi nisa da iskar jirgi, da mahaɗi mai juyawa don kada waya ta murɗe, wani lokaci a ɗaura ƴar lema a bayan kaya ta riƙe su su fuskanci gaba. Igiyar ƙasa dole ta zama gajeriyar da ba za ta tashi ta shiga farfela ba. Kuma kayan suna tara wuta a jikinsu cikin tafiya, musamman a busasshiyar iska mai ƙura irin tamu, sai an taɓa su da sandar da aka haɗa da ƙasa kafin hannu ya kai. A nan maƙwabta Cadi, a watan Yunin 1988, jiragen Chinook na Amurka sun ratayo wani jirgin yaƙin Libiya da aka bari a Wadi Dum har Injamena, kuma guguwar rairayi ta same su a hanya. 

Ga su a jere

| Dabara | Lilo | Juyi | Kuɗi | Jure rana da ƙura | Gyara | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Igiya da sanda | kaɗan, sai kaya marasa nauyi | sosai | kaɗan | igiya na mutuwa, a riƙa canzawa | nan take | naɗi a hannu, kuran |
| Palonye | a'a | sai da igiya | matsakaici, sau ɗaya | sosai | mai walda da injiniya | ƙirar da ba a gwada ba |
| Bariyatar | sosai, ban da na iska | a'a | mai yawa | sai da akwati da kariya | mai saiti na musamman | dogaro da ita a waje |
| Na'urar ƙugiya | kaɗan a manyan kaya | sosai, daga nesa | mafi tsada | batir da fanka na wahala | sai kamfani | ɗagawa cikin iska |

Akwai abu ɗaya da ban sa a jerin ba don ba zaɓi ba ne, dole ne: ƴar na'urar auna iska ta hannu. Ba ta kai kuɗin salula mai kyau ba. Motocin gru da yawa littafinsu yana tsayar da aiki a wajen mita 9 zuwa 10 a daƙiƙa, dogon gru na gini kuma a Faransa kilomita 72 a awa ne iyaka, ƙararrawar farko tana kaɗawa tun daga 50. Ka duba littafin taka motar, kuma ga kaya masu faɗi ka tsaya tun kafin nan. Ka tuna iskar sama ta fi ta ƙasa. Haka ma katakai masu kauri ƙarƙashin ƙafafun mota, don ƙasarmu jigawa ce, kusa da Gulbi kuma laka, kaya in sun yi lilo waje nauyi kan ƙafa ɗaya yake komawa, ta nutse.

To wa ya kamata ya ɗauki wanne?

In kai mai mota ɗaya ne, aikinka gurup, tiransfo, kwantena, poto, yau Tibiri gobe Madarunfa: igiyar poliyesta biyu masu tsawo, sanda biyu, safar hannu, na'urar auna iska, da wuni ɗaya da za ka ware ka koya wa yaranka ba tare da kaya a sama ba. Kuɗin da ya rage ka ƙara wa direba mai hannu albashi kada wani ya ɗauke maka shi.

In dogayen kaya ne ko masu lanƙwasa, tankin shato, ƙarfen rufin sito, fanno da aka haɗa a ƙasa: duk na sama, ka ƙara palonye da aka lissafa aka gwada.

In sito gare ka ko masana'anta mai gru a kan dogo, ana loda kamiyo safe da yamma: bariyatar za ta mayar da kuɗinta, amma ka fara gyara kuran ɗinka da wurin da za ta zauna.

In babban kwangila ka samu, mai tsawon da igiya ba ta kaiwa, ko wurin da babu filin da mutum zai tsaya nesa, ko mai aikin ya sa sharaɗin kada kowa ya riƙe igiya: na'urar ƙugiya, haya ba saye ba, kuma a rubuta a takarda cewa horo da gyara na kamfanin ne.

Alhaji dai shato yake ɗorawa, mita 10 zuwa 12, fili fetal a ƙauye, sau biyu ko uku a wata. Na ce masa palonye da igiya huɗu sababbi, da na'urar auna iska a aljihun direba ba a nasa ba, kuma in direba ya ce a tsaya an tsaya, ko da tanki ya bar ƙasa. Ya ce, "Ko da na biya hayar mota?" Na ce ko da ka biya, Alhaji. Ran Juma'a muka shiga kasuwa tare neman igiyar.